Yadda ake rubuta manhajar agogon auna bugun zuciya da zai yi mako guda bai nemi caji ba

Wanda ya saba rubuta manhajar waya ko ta kwamfuta, idan ya koma kan na'urar da ake ɗaurawa a jiki, zai tarar duk abin da ya saba samu kyauta nan sai ya biya. Wuta da awo ake ba shi, wurin ajiya bai taka kara ya karya ba, haɗin da ke tsakanin na'urar da waya kuwa yana iya tsinkewa sau ashirin a yini ba laifin kowa: mai agogon ya bar wayar a ɗaki ya fita tsakar gida, shi ke nan. Don haka abu biyu ne za su ja ragamar aikin. Na'urar ta kwana ta wuni tana barci, sai dole ta sa ta farka. Sannan a rubuta ta bisa zaton cewa a yanzu babu mai saurarenta.

Agogon da za mu yi misali da shi yana ƙirga taku, yana auna bugun zuciya, yana tura bayanan zuwa waya ta Bluetooth, yana kuma sanar da na'urorin gida ɗakin da mai shi yake, don fitila ko fanka ta kunna kanta. Kayan haɗinsa: guntun nRF52832 na kamfanin Nordic, wato ƙwaƙwalwar na'urar, mai gudun MHz 64, da filash (ma'ajiyar da ba ta gogewa idan wuta ta ɗauke) kB 512 da RAM kB 64, sensar motsi LIS2DH12, sensar haske MAX30101, batirin lithium mai mAh 100, da tsarin Zephyr a matsayin ginshiƙin manhajar. Idan aljihu ya yarda, a ɗauki nRF52840 mai filash MB 1 da RAM kB 256. Dalilin zai fito idan mun zo kan sabunta manhaja.

Mataki na farko: kasafin batir, tun kafin a rubuta layi ɗaya

Yanke kwanakin da kake son caji ɗaya ya yi. Mu ce bakwai, wato awa 168. Kada ka yi lissafi da mAh 100 da aka buga a jikin batirin, domin batir yana tsufa, kuma manhajarka za ta kashe na'urar tun bai ƙare tas ba. Ɗauki 80. Raba 80 gida 168, za ka samu kusan µA 476 (µA 1,000 ne mA ɗaya). Wannan shi ne kuɗin cefanenka: matsakaicin abin da na'urar gaba ɗaya za ta ja a kowane lokaci, dare da rana.

Yanzu duba farashin kaya. Guntun yana barci, agogon cikinsa kaɗai ke tafiya, yana jan kusan µA 2. Da ya farka ya fara aiki, kusan mA 3.7 ne, wato ninki takwas na kasafinka. Rediyonsa yana jan mA 5 da ɗoriya, ko yana aikawa ko yana sauraro. Sensar motsi mai sauƙin kai ce, ko da tana auna sau 50 a daƙiƙa ba ta kai µA 15 ba.

Babban maci yana wajen fitilar sensar zuciya. MAX30101 tana haska fata da koren haske, ta auna abin da ya dawo, domin jini yana shanye hasken daidai da yadda yake ƙaruwa da raguwa a jijiya. Idan ka saita fitilar a mA 20, tsawon kowane walƙiya maikrodaƙiƙa 411, sau 100 a daƙiƙa, matsakaicin ya zama mA 0.82. Amma fitilar daga layin bolt 5 take sha, batirinka kuwa 3.7 ne, dole a ɗaga wutar, kuma a wajen ɗagawar ana asara. Abin da zai fita daga batir ya kai kusan mA 1.3. Ƙara mA 0.6 da sensar kanta take ja, ka tashi da mA 1.9. A haka batirin ba zai cika kwana biyu ba.

Gyaran hawa biyu ne. Sauke awon zuwa sau 50 a daƙiƙa, tsawon walƙiya 215, jimillar ta faɗo ƙasa da mA 1. Sannan kada ta kwana a kunne: ta auna na daƙiƙa 15 a kowane minti 5, wato kashi 5 cikin ɗari na lokaci, matsakaicin ya koma kusan µA 50. Awo ba tsayawa sai lokacin da mai agogon ya danna cewa zai motsa jiki. Rubuta duk waɗannan lambobi a tebur ɗaya, kowane sashe da rabonsa, duk wanda ya zo da sabon fasali ya fara faɗin rabon wa za a rage.

Mataki na biyu: auna da idonka

Mitar auna wuta da ke kan teburin gyara ba za ta taimaka a nan ba, domin tana haɗa komai ta ba ka matsakaici, alhali wutar tana tsalle daga µA 2 zuwa mA 10 ta dawo cikin ƙiftawar ido. Nemi na'ura irin Power Profiler Kit II ta Nordic, wadda ke auna sau dubu 100 a daƙiƙa. Cire batirin, ka ciyar da allon daga gare ta, ka cire wayar da kake loda manhaja da ita, sannan ka kashe ka kunna, domin muddin sashen binciken kuskure na guntun yana farke, lambar da za ka gani ƙarya ce.

Abin da ya kamata ka gani a fuskar kwamfuta shi ne layi kwance a can ƙasa, da siraran ƙayoyi suna tasowa lokaci-lokaci su koma. Kowace ƙaya ka san sunanta: wannan rediyo ne, wannan karatun sensa ne. Idan layin ƙasan ya tsaya a µA 600 ko 900 ya ƙi sauka, wani abu ne ya hana barci, kuma galibi ɗaya ne daga cikin waɗannan. Ko an bar tashar UART a buɗe don ganin saƙonnin gwaji, ita kuwa tana riƙe babban agogon guntun a kunne; sa CONFIG_SERIAL=n da CONFIG_LOG=n a manhajar da za ta fita, lokacin gwaji kuma ka yi amfani da RTT, hanyar ganin saƙonni ta wayar loda manhaja. Ko wata ƙafar guntu da aka saita a matsayin mashiga an bar ta a sake, ba ta sama ba ta ƙasa. Ko layin I2C, wanda guntu ke magana da sensoci ta kansa, ya maƙale a ƙasa: rizista mai kilo 4.7 a kan bolt 3 tana zubar da kusan µA 640, ita kaɗai ta fi kasafin gaba ɗaya. Ko kuma an manta ba a umarci sensar haske ta kwanta ba bayan ta gama.

Mataki na uku: tsarin manhajar

Ƙa'idar ita ce guntu ba ya zuwa tambayar sensa ko tana da labari. Ita za ta ƙwanƙwasa masa ƙofa. Sensocin nan biyu kowace tana da ɗan rumbu na FIFO mai ɗaukar awo 32. Saita sensar motsi a sau 25 a daƙiƙa, ita ma ta haske ka sa ta haɗa awo bibbiyu ta yi matsakaici don ta dawo 25. Rumbun zai cika cikin daƙiƙa 1.28. Umarce su su ɗaga ƙafar INT, wadda suke ƙwanƙwasa ƙofa da ita, idan awo 24 ya taru. Guntun ya farka kusan sau ɗaya a daƙiƙa, ya kwashe duka a karatu guda, ya yi lissafi, ya koma barci. Farkawa ɗaya maimakon ashirin da biyar.

A cikin aikin da ke amsa ƙwanƙwasawar kada ka karanta I2C, kada ka yi lissafi. Aje alama kawai, ka miƙa aikin ga layin jira na Zephyr da k_work_submit. Mai yin akasin haka zai samu na'urar da ke daskarewa sau ɗaya a kwana uku, kuma ba za ta taɓa yi a gabansa ba. Da RAM kB 64, ka guji roƙon wuri ana cikin tafiya. Ware komai tun wajen haɗa manhajar, don idan bai isa ba ka sani a teburinka.

Kunna mai gadi, wato WDT, wanda ke sake tada na'urar idan manhaja ta daina ciyar da shi, wato taɓa shi a kan kari, da wa'adin daƙiƙa kaɗan. Amma kada ka ciyar da shi daga ma'aunin lokaci mai zaman kansa, domin haka zai ci gaba da samun abincinsa ko da sauran manhajar ta mutu. A ciyar da shi sai bayan kowane babban aiki ya nuna yana da rai. Duk lokacin da na'urar ta tashi, ta karanta dalilin tashin daga RESETREAS, gurbin da guntun ke rubuta shi, ta ajiye. Wata shida nan gaba wannan ɗan bayanin shi zai faɗa maka ko mai gadi ne ya tashe ta, ko kuskuren manhaja, ko wuta ce ta faɗi lokacin da injin girgiza ya ja gomman mA daga batirin da ya kusa ƙarewa.

Mataki na huɗu: fitar da bugun zuciya daga hayaniya

Nan ne aikin yake da wuya, kuma nan ne agogo mai kyau yake rabuwa da abin wasan yara. Bugun zuciyar mutum yana tsakanin 30 da 240 a minti, wato Hz 0.5 zuwa 4. Fara da rariya da za ta zubar da duk abin da ke ƙasa da 0.5 da sama da 4. Ɗauki tagar daƙiƙa 8, awo 200 ke nan, ka nemo mitar da ta fi ƙarfi, wato saurin maimaituwar da ya fi fitowa, sannan ka matsa tagar da daƙiƙa 2 ka sake. Mutum yana zaune shiru, wannan ya wadatar.

Da ya miƙe ya fara tafiya, labari ya canza. Hannu yana lilo, agogon yana zamewa a kan fata, kuma takun mai sassarfa ko gudu yana faɗawa daidai cikin mitocin da kake nema. Sai agogon ya kama takun ya ce zuciya ce: mutum na taku 160 a minti, shi ma ya nuna 160. Maganin yana cikin sensar motsi. Yi mata irin lissafin da ka yi wa ta haske a taga ɗaya, ka ga inda ƙololuwarta take, ka rage nauyin wannan mitar a siginar haske kafin ka zaɓa. Wannan ya sa dole awon sensocin biyu ya dace a lokaci, alhali kowace da nata agogon ciki kuma ba sa tafiya daidai. Buga wa kowane kwasa hatimin lokaci daga agogon guntun. Ƙara da sharaɗi: zuciya ba ta tsalle daga 80 zuwa 160 cikin daƙiƙa biyu. Idan siginar ta lalace, agogon ya ce bai samu ba. Gurbi a jadawali ya fi lambar ƙarya.

Batun fata kuma kada a bar shi sai ƙarshe. Sinadarin da ke sa fata duhu yana shanye koren haske sosai, don haka ƙarfin fitilar da ya ishi farar fata zai iya dawo da sigina mai rauni a baƙar fata. Matsalar na'urorin haske da launin fata ba zato ba ce: a Disamban 2020 masu bincike na Jami'ar Michigan a Amurka sun nuna cewa na'urar auna iskar jini ta yatsa tana kasa gano ƙarancin iska a marasa lafiya baƙaƙe kusan ninki uku na yadda take yi a farare. Abin yi shi ne kada a kafe ƙarfin fitilar a lamba ɗaya. MAX30101 tana bari a ɗaga shi da matakin mA 0.2 har kusan 50. A farkon kowane awo, manhajar ta duba yawan hasken da ke dawowa, ta ƙara ko ta rage har ya zauna a tsakiyar ma'auni. Sannan ka koma teburin kasafi ka yi lissafi da wanda fitilarsa za ta fi ci, ba da matsakaicin mutum ba. Idan mutanenmu ne za su ɗaura agogon, a hannunsu za a gwada shi, ana kwatanta shi da bel ɗin ƙirji mai auna bugun zuciya.

Ƙirga taku ya fi sauƙi, amma shi ma yana da tarko. Babur a hanya mai gargada, ko mace tana daka a turmi, duk suna kama da tafiya. Kada a fara ƙirga sai an ga taku takwas a jere masu tazara kusan ɗaya, sannan a haɗa da su. Idan kuma an cire agogon, kamar lokacin alwala, hasken da ke dawowa zai faɗi. A kashe fitilar nan take.

Mataki na biyar: Bluetooth

Kada ka ƙirƙiro abin da an riga an tsara. Bugun zuciya yana da hidimarsa mai lamba 0x180D, awon kansa 0x2A37. Batir 0x180F da 0x2A19. Idan ka bi su, manhajojin motsa jiki da yawa za su karanta agogonka ba tare da ka roƙi kowa ba. Ga saƙo ɗaya mai bait huɗu, a rubuce da lissafin sha shida (hex): 16 48 55 03. Bait na farko tutoci ne, wato alamomin i ko a'a, yana cewa agogon na taɓa fata kuma akwai tazarar bugu a ƙarshe. 48 a lissafin sha shida shi ne 72. Biyun ƙarshe ana karanta su daga baya, 0x0355, wato 853, kuma ma'auninsu ɗaya bisa 1024 na daƙiƙa ne, ba milidaƙiƙa ba. Wanda ya karanta su a jere zai samu zuciya mai bugawa sau ɗaya a daƙiƙa 21.

Lambobi uku ne ke yanke abin da rediyo zai ci. Na farko tazarar ganawa tsakanin waya da agogo, daga milidaƙiƙa 7.5 zuwa daƙiƙa 4. Na biyu yawan ganawar da aka yarda agogo ya tsallake idan ba shi da abin faɗa. Na uku wa'adin da idan ya wuce ba a ji juna ba za a ɗauka haɗin ya tsinke. Mu ɗauka kowace ganawa tana cin µC 5, wato daidai da jan µA 5 na daƙiƙa ɗaya. A tazarar milidaƙiƙa 30 ba tsallakewa, µA 167 ke nan, sulusin kasafinka ya tafi a gaisuwa. A tazarar 300 da tsallake 4, agogon na farkawa kowane daƙiƙa 1.5, kusan µA 3. Sa wa'adin a daƙiƙa 6. Ƙa'ida ta ce dole ya wuce ninki biyu na wancan 1.5 ɗin.

Ka riƙe cewa agogo roƙo yake yi, waya ce mai yanke hukunci. Apple na son tazarar ta zama 15 ko ninkinta, kuma iPhone na iya watsi da roƙon da ya saɓa. Saboda haka manhajar ta karanta abin da aka ba ta a zahiri. Tsari mai kyau gudu biyu ne: a roƙi gajeriyar tazara idan akwai tarin bayanai ko sabuntawa, ana gamawa a koma doguwa.

Mataki na shida: ajiya da lokaci

Tunda wayar ba kullum take kusa ba, komai ya fara sauka a filash. Kowane minti rubutu ɗaya: lambar jeri bait 4, lokaci 4, taku 2, bugu 1, tutoci 1, jimilla 12. A yini bait 17,280, a mako kusan kB 121. Filash ɗin cikin guntun yana jure gogewa sau 10,000 ne a kowane shafi mai kB 4, kuma manhaja ta riga ta mamaye shi, don haka ƙara na waje a layin SPI, irin MX25R. Rubuta a zagaye, idan ka kai ƙarshe ka dawo farko, don kada shafi ɗaya ya sha duka shi kaɗai.

Wajen turawa, waya ta ce "ba ni daga lamba kaza", agogo ya turo, kuma ba ya ɗaukar wani rubutu a matsayin ya isa sai waya ta tabbatar ta ajiye. Idan ya tsinke a tsakiya, an san inda aka tsaya. Nemi a faɗaɗa MTU, wato girman saƙo ɗaya, zuwa bait 247 tun farkon haɗi. A asalin 23, bait 20 ne kawai naka, rubutu ɗaya a kowane saƙo, saƙo 1,440 a yini. A 247 kana da 244, rubutu 20, saƙo 72.

Lokaci yana yaudara. Kiristal mai kuskuren 20 cikin miliyan yana kauce wa daidai da daƙiƙa 1.7 a yini. Agogon cikin guntu mara kiristal yana iya wuce daƙiƙa 20. Waya ta gyara masa lokaci a duk haɗuwa. A ajiye UTC, wato lokacin duniya na bai ɗaya, a bar wa waya juyawa zuwa lokacin gari. Idan batir ya mutu agogon ya tashi bai san ranar ba, ya ci gaba da rubutu da lambar tashi da daƙiƙun da suka wuce tun tashin, waya ta daidaita daga baya. Ma'ajin milidaƙiƙa mai bit 32 kuma yana cika ya koma sifili bayan kwana 49.7, kuskuren da gwajin mako biyu ba zai taɓa nunawa ba; a gwaji ka fara ƙirgar daga dab da ƙarshe.

Mataki na bakwai: ɓangaren waya

Android ba ya son manhaja mai aiki a ɓoye. Tun Android 6 na 2015 yake kwantar da manhajoji idan an ajiye waya, kuma masu ƙera wayoyi da dama suna ƙara nasu tsaurin a kai. Yi amfani da hidimar da ke nuna sanarwa a sama, nau'in connectedDevice. Daga Android 12 sai an nemi izinin BLUETOOTH_SCAN da BLUETOOTH_CONNECT. Kada ka fara neman na'urorin Bluetooth fiye da sau 5 cikin daƙiƙa 30, tsarin zai toshe maka kunne ba tare da ya ce uffan ba. Umarnin GATT, wato na karantawa da rubutawa a hidimomin agogon, ɗaya bayan ɗaya ake aika su, sai amsar na farko ta dawo. Idan ka ga kuskure mai lamba 133, rufe haɗin da close, ka ɗan jira, ka sake. Kowace faɗuwa ka ninka jiran. Gwajin kuma a yi shi a wayoyin da masu saye ke riƙewa, su Tecno da Infinix da itel da Redmi da Samsung masu araha, ba babbar wayar injiniya kaɗai ba.

Mataki na takwas: magana da gida

Sa ƙaramin allon ESP32, mai Wi-Fi da Bluetooth, a kowane ɗaki. Agogo ya riƙa shela sau ɗaya a daƙiƙa, allunan su ji, kowanne ya aika ƙarfin siginar da ya ji zuwa Home Assistant, manhajar sarrafa na'urorin gida, ta MQTT, tsarin aika gajerun saƙonni ta hannun saba. Allon da ya fi ji, ɗakinsa ake.

A takarda ke nan. A zahiri jikin mutum ruwa ne, kuma ruwa yana shanye siginar GHz 2.4. Mutum na zaune a falo ya harɗe hannu ko ya juya baya, siginar ta faɗi da dB 10, allon ɗakin kwana ya yi nasara, fankar falo ta mutu a kansa. Tace awon da ɗaukar na tsakiya cikin biyar na ƙarshe, kuma kada a sauya ɗaki sai sabon ya fi tsohon da dB 6 na tsawon daƙiƙa 10 a jere. Kunnawa da sauri, kashewa da jinkiri: fitila ta jira minti biyu kafin ta mutu.

A MQTT, matakin QoS 1 yana tabbatar da saƙo ya isa aƙalla sau ɗaya, ma'ana yana iya zuwa sau biyu. Don haka umarni ya zama "kunna" ko "kashe", kada ya zama "juya". Kowane allo ya yi rajistar wasiyyarsa, saƙon da sabar za ta yaɗa idan ya ɓace, don idan an ɗauke wuta a san allon ne ya mutu, ba mutumin ne ya fita ba. Idan wuta ta dawo, a yi watsi da duk labarin wuri da ya girmi minti ɗaya.

Mataki na tara: sirri

Na'urar da ke shela da adireshi ɗaya kullum, kowa na iya bin sawun mai ita. Kunna CONFIG_BT_PRIVACY, adireshin zai riƙa sauyawa duk minti 15. Sai dai allunan gidanka ma za su daina gane shi, sai ka ba su makullin gane adireshi, wato IRK, da aka yi musaya lokacin haɗa agogon da waya. Yi amfani da tsarin haɗi mai tsaro na LE Secure Connections, wanda ya zo da Bluetooth 4.2 a 2014. Agogon da ba shi da fuskar nuna lambar sirri ba zai iya kare kansa daga mai shiga tsakani ba, don haka kada ya karɓi sabuwar waya sai yana kan caja, na daƙiƙa 60 kawai. MQTT ta bi ta TLS, mai ɓoye saƙo a hanya, a ƙofa 8883, kuma a kulle ƙofar binciken guntun da APPROTECT kafin kaya su fita. Bayanin da ba ka buƙata kada ka tara: a Janairun 2018 taswirar masu motsa jiki ta manhajar Strava ta fallasa fasalin sansanonin soja, ba tare da wani ya fasa komai ba.

Mataki na goma: caji da sabuntawa

Ba a cajin batirin lithium ƙasa da digiri 0 ko sama da 45. A watan Afrilu a Sakkwato ko Yamai, agogon da aka bari a mota ko kusa da taga zai wuce haka cikin sauƙi. Manna rizistar zafi ta NTC mai kilo 10 a jikin batirin, a haɗa ta da guntun caji don ya tsaya da kansa ko manhaja ta daskare. A Maris na 2022 Fitbit ya janye agogonsa Ionic saboda batirin na iya yin zafi ya ƙona hannu.

Agogon da aka liƙe don kada ruwa ya shiga ba shi da ƙofar gyara sai ta iska, wato Bluetooth. MCUboot, ƙaramar manhajar da ke fara tashi ta loda babbar, yana raba filash ɗaki biyu: manhajar da ke aiki a ɗaya, sabuwa ta sauka a ɗayan. A nRF52832, bayan an cire rabon MCUboot da na saituna, kowane ɗaki kusan kB 220 ne, kuma Bluetooth da Zephyr sun riga sun ci kaso mai tsoka. Nan ne nRF52840 yake biyan kuɗinsa. Sa hannu a kowace manhaja da imgtool na MCUboot, da makullinka na kanka. Makullin gwaji da ke zuwa da MCUboot kowa a duniya yana da shi.

Sabuwar manhaja ta tashi a matsayin gwaji. Kada ta kira boot_write_img_confirmed, umarnin tabbatar da zamanta, a layin farko. Ta fara duba sensoci sun amsa, filash ya karantu, waya ta haɗu. Idan ta faɗi kafin nan, mai gadi zai sake tada na'urar, MCUboot ya maido da tsohuwar. Kada a fara sabuntawa idan batir bai kai kashi 30 ba. Idan jerin hidimomin GATT ya canza, aika sanarwar 0x2A05, in ba haka ba wayar za ta ci gaba da amfani da tsohon jerin da ta haddace. Sanya lambar siga a tsarin rubutun da ke filash, don tsohuwar manhajar da aka maido ta gane abin da sabuwa ta rubuta ko ta tsallake shi.

Kafin ka tura wa kowa, ɗauki alluna goma ka zalunce su. Yanke wuta ana tsakiyar saukewa, a kashi 10, a 50, a 99. Yanke ta ana tsakiyar musayar ɗakunan. Fita da wayar daga gidan ana cikin turawa. Loda manhajar da ka lalata da gangan, wadda ke faɗuwa daƙiƙa biyu bayan tashi, ka tsaya ka ga tsohuwar ta dawo. Sannan ka tura wa kashi 1 cikin ɗari na masu agogon, ka jira kwana bakwai, tsawon caji ɗaya, kana duba dalilan tashi da saurin saukar batir da suke aikowa, kafin ka buɗe wa saura.